Wanda kuka kira Injiniya ɗan kasuwa ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na rediyo na ranar Asabar da safe ya ɓata mini rai, kuma ba zan iya haɗiye abin ba. Baƙon nan da kuka zaunar kuna ta ce masa Injiniya, da wata baiwar Allah ta bugo daga Rikkos tana tambayar irin bututun da za ta sa wa hitar banɗakinta, wato na'urar ɗumama ruwan wanka, buɗar bakinsa sai ya ce farin fayif na roba ya wadatar, in dai an shafa gam da kyau. Mai gabatarwa kuma ya ce mata, "To Hajiya, kin ji." Wallahi sai da na ajiye kofin shayina.

Irin wannan maganar ce ta fasa mini bango. Bara, gab da shigowar hunturu, na sa hita saboda mahaifiyarmu. Tsufa ya kama ta, ga sanyin Jos da asuba, ruwan tanki kamar ƙanƙara, alwala ta zama mata wahala. Maƙwabci ya kawo mini mai aikin famfo, ya binne farin fayif cikin bango, ya lafta gam, aka yaɓe, aka manna tayil. Ko wata biyu ba a yi ba fentin ɗakin Hajiya ya fara kumbura yana ɓarewa, gefen katifarta ya jiƙe, ɗakin yana warin danshi. Na kira shi, ya dafa bangon ya ce damshin ƙasa ne. A watan Disamba, Malam Edita, da ko ɗigon ruwan sama babu! Mai aikin famfo na biyu ya ce a sake tanki. Na uku ya ce a fasa daɓen gidan gaba ɗaya, a ba shi kuɗin kaya tukuna.

Wani dattijo da muke sallah tare, wanda ya tsufa a sana'ar, shi ya fitar da ni, bai karɓi ko sisi ba. Ya ce, "Ɗana, da dare ka rufe duk famfunan gidan, ka hau ka yi alama a inda ruwa ya tsaya cikin tanki." Da safe ruwa ya sauka da yatsa huɗu. Dare na biyu ya sa na rufe makullin da ke kai ruwa hita kaɗai. Ruwa bai motsa ba. Tayil shida kawai muka cire, sai ga fayif ya lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya, mahaɗin ya buɗe baki. Baba ya ce wannan farin PVC ba ya jure zafin da ya wuce digiri 60, ruwan hita kuwa yana iya zarce haka. Na ruwan zafi shi ne koren nan, PPR, wanda ake narka bakinsa da inji a haɗe, babu ruwansa da gam.

To abin da dattijo ya sani a tsaye a ƙofar masallaci, Injiniyanku bai sani ba? Ko ya sani, farin ne ya cika masa shago? Na ƙirga, sau uku ya faɗi inda shagonsa yake. In kuɗi ya biya, ku ce mana talla ce.

Ba mu da wurin tambaya, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. A Facebook kowa malami ne. Bidiyon YouTube kuma yawanci gidajen Ingila da Amurka ne, ba irin namu na tanki da rijiyar burtsatse ba. Rediyo muka yarda da shi. Akwai malaman kwalejin fasaha, akwai tsofaffin hannu a Gangare da Dilimi da suka fi shekara 30 suna wannan aiki. Ku nemo su.

Sannan don Allah ku duba tallar maganin gargajiyar nan da kuke sakawa ƙarfe bakwai na safe. Yara na karin kumallo, mutum yana faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban iyali. Dole nake kashe rediyo.

Ina jiran in ji kun gyara maganar fayif ɗin a shirin Asabar mai zuwa, tun matar Rikkos ba ta sa an yaɓe bangonta ba.

Mai sauraronku,
daga Unguwar Rogo, Jos.