A Tuna da Magabatan Fim na Nijar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shafinku na nishaɗi kullum Kannywood ne, kuma ban ga laifin hakan ba. Amma ina roƙon ku leƙa maƙwabta. Tun kafin a fara fim ɗin bidiyo a Kano, Nijar tana da Oumarou Ganda, wanda ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Ya rasu a 1981, kuma har yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Moustapha Alassane, da ya zauna a Tawa ya rasu a 2015. Da hannunsa yake zana kwaɗi, hoto bayan hoto, har su motsa, yana yi wa shugabanni masu son girma hannunka mai sanda. Ba shi da babban kamfani a bayansa, sai haƙuri da basira.

Abin yana mini ciwo: muna fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa ba dare ba rana, amma 'ya'yanmu ba su taɓa ganin aikin waɗannan bayin Allah ba. Don Allah ku ba su shafi guda, ko masu gidajen talabijin za su nemo fina-finan su nuna mana.

Naku,
Mai karatu daga Maraɗi