Barka da Sallah daga Boston

Assalamu alaikum Inna da Baba da duk mutanen gida,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana da rai da lafiya. Mu ma mun sauko daga Idi a masallacin Roxbury, ni da maigidan da yara. Kun riga mu da awa 5, lokacin da muke kabbara na san Auta ta gama zagaya unguwa da kwanukan tuwo.

Wannan zagayen shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Nan Sallah ranar aiki ce, shaguna a buɗe, babu yaron da zai yi sallama a ƙofa da kwano a ka. Ni kuwa ban iya cin abincin Sallah maƙwabci bai taɓa ba, haka kuka raine mu. Tuwo da miyar taushe ba kowane Ba'amurke ne zai san inda zai kama su ba, shi ya sa bana na yi musu abin da suka sani: ƙananan burodi masu laushi da ake ci da abincin dare.

Wata dattijuwa da ke saman bene ce ta koya mini a watan Nuwamba, lokacin bikinsu na godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan. Ranar kusan kowane gida sai an ajiye wannan burodi kusa da talotalo. Akwai ma wani iri da ake naɗewa biyu da bota a tsakiya, wanda ya samo suna daga otal ɗin Parker House na nan garin, da aka buɗe tun 1855.

Inna, da kin ga kwaɓin za ki ce ai ɗan'uwan alkubus ne, sai dai shi gasa shi ake yi, kuma da madara da ƙwai. Fulawa rabin kilo, yis ƙulli ɗaya mai giram 7, madara kofi ɗaya, bota babban cokali 4, sikari cokali 3, ƙwai ɗaya, gishiri ƙaramin cokali. Dattijuwar da ma'aunin zafi take gwada madarar, wai kada ta wuce digiri 43 sosai, don in ta kai 60 yis ya mutu. Ni yatsa na tsoma kamar yadda kike yi, da ta auna sai ga shi daidai. Ta daɗe tana kallon hannuna, na ce mata hannun mahaifiyata ne.

Ana zuba yis da ɗan sikari a madarar, a jira ta yi kumfa. In minti 10 ya wuce ba kumfa, yis ɗin ya lalace, kada a yi asarar fulawa. Daga nan sai a haɗa da fulawar da sauran kayan, sai murza, kuma a nan aikin yake. Da farko kwaɓin yana manne wa hannu, zuciya ta yi ta cewa a ƙara fulawa. Kada a biye mata, ƙarin fulawa ne ke sa burodin ya yi tauri. A ci gaba da turawa da gindin tafi ana naɗowa, can sai ka ji ya saki hannu ya yi sulɓi. In ka ja ɗan yanki ya miƙe har haske na ratsa shi bai yage ba, ya murzu, zai iya riƙe iskar da yis ke fitarwa.

Sanyin Maris a nan bai barin kwaɓi ya tashi da wuri, sai na sa kwanon cikin obin a kashe na kunna fitilarsa kawai. Ku da ke Kano a wannan zafin, ku rufe da leda ku riƙa leƙawa, kada ya zarce ya yi tsami. In ya ninka, a raba shi 15, a mulmula, a jera kusa da juna a tire, a bar su su sake tashi har su haɗa kafaɗa. Gashi minti 18 zuwa 20 a digiri 190, suna fitowa a shafe su da bota.

Tun kafin asuba na gasa. Bayan Idi yaran suka saka kayan Sallarsu suka bi ƙofa ƙofa, babbar riƙe da burodi, ƙaramin da kwanon soyayyar kaza. Dattijuwar ta sauko da kanta, ta ɓara ɗaya ta duba cikinsa, ta tambayi ma'anar ranar, muka zauna na yi mata bayanin azumi.

Auta, ki gwada wa su Inna. Rashin obin ba zai hana ba: babbar tukunya da yashi a ƙasa, garwashi kaɗan a kan murfi, yadda Gwaggo ke gasa kek. Ki yi wa Baba nasa da man shanu, ya haɗa da shayi. Ki turo mini hotonsa, da na hawan Daushe in kun je.

Goron Sallar yara yana wajen Yaya, na tura tun jiya. A gaishe da Gwaggo da Kawu da maƙwabta. Inna, Baba, a ci gaba da sa mana albarka.

Taku,
'yarku da ke Boston