Mu na ƙasan rafi fa, Malam Edita?

Assalamu alaikum. Shirinku na ranar Talata ya ɓata mini rai. Baƙon nan naku ya buɗe baki ya ce wai tace ruwan ƙazanta aikin manyan birane ne irin su Abuja da Legas, ƙaramin gari kuwa rafi ya ishe shi, ruwa zai tafi da komai. Mai gabatarwa bai ce masa uffan ba. Ruwan ya tafi da komai ina? Wajenmu yake kawowa.

Noman rani nake yi a bakin wani rafi da ke gangarawa cikin Gongola. Garin da ke samanmu bai taka kara ya karya ba, amma akwai mayanka, akwai marina, akwai masu wankin mota, ga masu motar kwashe masai da ke lallaɓowa da dare su juye a kwazazzabo su kama gabansu. Da damina ruwa ya yi yawa, ba a ganewa. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu, in rafin ya janye, galibin abin da ke gudu a ciki ruwan lambatu ne. Sai ya yi kore shar da gansakuka, ga wari tun daga nesa. Ka tayar da injin ban ruwa, kafin ka juya bakin tiyo ya toshe da leda da kashin tumbin shanu. Da wannan ruwan muke shayar da latas da alayyahu, ba don muna so ba, sai don babu wani. A loda a kai Gombe, mutumin birni ya saya. Latas kuma ba a dafa shi. Jikata ta kwanta da amai da gudawa bara, sai da aka yi mata ƙarin ruwa, uwarta tana kuka a bakin gado. Baƙonku ya zo ya faɗa mata cewa rafi ya isa.

Abin haushin shi ne, maganin bai kai tsadar da yake zuzutawa ba. Ƙaramin gari fili yake buƙata, fili kuwa muna da shi. Tafkuna uku ake haƙawa a jere. Na farko mai zurfi, ƙazanta ta kwanta a ƙasa. Na biyu marar zurfi, gansakuka ta samar da iska, ƙananan ƙwayoyin halitta su cinye ragowar dattin. Na uku rana ce ke aiki, tana kashe ƙwayoyin cuta. Ranar Gombe kuwa ai ba a roƙonta. Ba lantarki, ba dizal. In aka bi da ruwan ta cikin kachalla, ciyawar nan da ta addabi manoman Haɗeja da Jama'are, sai ta zuƙe sinadaran da ke sa rafi ya yi kore. Mutanen Windhuk a Namibiya tun 1968 suke tace irin wannan ruwa har su mayar da shi famfo. Mu ba mu ce a kai mu can ba.

Kuma kada na birni ya ɗauka ya tsira. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa da ke kan Gongola yake, Gongola kuwa tun daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa garuruwan jihar Bauchi kafin ya iso. Abin da ya wuce mu kuma ya nufi Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan, masunta na can suna jefa koma.

Ku dawo da mutumin nan, ku haɗa shi da manomi ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya.

Sannan don Allah wannan tallar maganin gargajiya da kuke yanke shiri a tsakiya ku saka ta yi yawa. Na yi ta kira ranar, layi ba ya shiga, da ya shiga sai aka ce lokaci ya ƙure, alhali mai maganin basir ya cinye rabin shirin.

Mai sauraronku,
daga ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba