Godiya ga ma'aikatan jinya na ɗakin mata, Asibitin Ƙashi na Dala

Zuwa ga Shugabar Ma'aikatan Jinya,
Asibitin Ƙashi na Dala, Kano.

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe.

Na rubuto ne a madadin gidanmu domin mu gode wa sistocin da suka yi jinyar mahaifiyarmu bayan aikin karayar ƙugu da aka yi mata. Likitoci mun riga mun gode musu, kuma sun cancanta. Amma wadda ta wanke Hajiya da asuba, ta juya ta cikin dare, ita ba kasafai ake tunawa da ita ba, shi ya sa na ga ya dace a faɗa a bainar jama'a.

Abin da muka fi tsoro shi ne gyambon kwanciya. Tsohuwa ce, fatarta ta yi laushi, ga shi ba ta iya motsawa da kanta. Sistoci suka riƙa juya ta duk bayan awa 2, da matashi a tsakanin ƙafafunta don kada ƙugun ya gurɗe. A kowane juyi sai sun duba tsatsonta da kafaɗu da dugadugai, inda ƙashi ke danne fata. Suka sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa har dugadugan suka bar katifa. Wata rana ƙanwata ta ga wuri ya yi ja, ta kai hannu za ta murza shi da man zafi. Sista ta riƙe hannunta a hankali, ta ce ba a murza irin wannan wurin, ɗauke masa nauyi ake yi. Ko zanin gado ba sa yarda ya tattare, balle ɓurɓushin abinci ya kwana a ƙarƙashinta.

Wankan gado kuwa shi ya fi taɓa min zuciya. Hajiya mace ce mai tsananin kunya, ko mu 'ya'yanta ba ta son mu ga jikinta. Sista takan ja labule, ta yi sallama, ta ce, "Mama, za mu goge jiki, kin shirya?" Ta wanke hannu, ta taɓa ruwan ta ji ɗuminsa. Daga fuska take farawa, gaɓar da za ta goge kaɗai take buɗewa, sauran jiki a rufe da zane. Sai ta canza ruwa kafin ta je al'aura, ta tsane duk wani lungu na jiki sarai, don danshi ke jiƙa fata ta saluɓe. Ban taɓa ganin sista ta yamutsa fuska ba, ko a lokacin ɗauke fo. Jakar robar fitsari kullum tana rataye ƙasa da mara, kada fitsarin ya koma ya jawo cuta. Baki ma ba su bar shi ba, safe da dare ana goge haƙora da harshe, abin da ni kaina ban ɗauka yana cikin jinya ba.

Kafin sallama suka tsayar da mu, muka yi komai da hannunmu suna gyara mana. Hajiya ta dawo gida fatarta lafiya lau, yanzu ta fara takawa da sanda.

Roƙona, ranki ya daɗe, a isar da wannan godiya ga masu aikin safe da na rana da na dare, har da masu sharar ɗakin. Hajiya ta ce a gaya musu tana sa su a addu'a bayan kowace salla. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ba su 'ya'yan da za su ji ƙansu.

Wassalam,
Babbar 'yar majinyaciyar, daga Kano.