A gona ake zaɓen iri, kafin girbi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana kan abin da ke damun mu a ƙasar Daura: irin da aka gada yana ɓacewa daga rumbunanmu. Geron zango mai doguwar zangarniya, maiwa, kaura, farafara, wake kanannado, gurjiya, duk sai raguwa suke. Ba mu ƙi sabon iri ba. Geron Sosat yana nuna da wuri, kuma yana fitar da mutane kunya a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Amma karansa bai kai na zango ba wajen danni da abincin dabbobi, haka kuma wake mai tsayuwa ba ya ba da harawa kamar kanannado. Gidan da ya riƙe iri ɗaya, shekara ɗaya mara kyau ta ishe shi.

Babban kuskure shi ne jiran bazara a auno hatsin kasuwa a shuka. Wannan na ci ne, gauraye yake, ba wanda ya san gonar da ya fito.

Kafin girbi ake shiga gona. A tsallake gefe a nufi tsakiya, domin gero iska ce ke kai masa garin fure, na bakin iyaka ya riga ya haɗu da na maƙwabci. Shi ya sa zangon da aka shuka kusa da Sosat, bayan 'yan shekaru ba zango ba ne, ba Sosat ba. A yanko zangarniya cikakkiya aƙalla 100 daga karare daban-daban. Idan daga biyar ko goma aka ɗiba, iri yana raunana. Dawa da wake ba su cika gauraya haka ba, amma duk kan dawar da ke da burtuntuna, cutar da ke mayar da ƙwaya baƙin gari, a guje shi, kuma kada a sussuka iri a masussukar da aka buga hatsin gonar da ƙuduji, wato wuta-wuta, ya cinye, don 'ya'yan ƙuduji kamar ƙura suke, suna bin hatsi.

Sai shanya. Ƙwayar da aka ciza ta fashe da ƙara ta bushe. Wadda ta lotsa ba ta kai ba, kuma in aka rufe ta haka sai ta yi fumfuna. Gero da dawa a bar su a zangarniya, a rataye inda hayaƙi ke ratsawa. Wake kuwa a gauraya kwano ɗaya da kwano ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka, ko a cika jarka taf a rufe ta sosai, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Rabin jarka ba ya aiki. Gyaɗa a bar ta cikin ɓawonta, sai shuka ta kusa a ɓare da hannu, don inji yana fasa ta.

Mako biyu kafin ruwan shuka, a ƙirga ƙwaya 100 a jera a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 7, in waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan iri a rami. In ba su kai 50 ba, a nemi wani. Masarar aure kuma, wato haibirid, ba a ajiye irinta, don 'ya'yanta ba sa bin uwa.

Muna roƙon malaman gona na KTARDA, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Katsina, da masu unguwanni su rubuta irin da ke kowane ƙauye da gidan da ke riƙe da shi. A fara da tsofaffin mata, domin irin kuɓewa, yakuwa, riɗi da rama a ƙullin tsummansu yake.

Daga wasu manoma,
Daura, Jihar Katsina.