Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke sayar mana da kayan gyaran tsofaffin nashshafa a Jidda

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, mu ne masu saye da gyaran tsofaffin na'urorin busar da tufafi, waɗanda ake kira nashshafa a nan, daga Jidda da Makka. Mun kai kuka shagonku baki da baki, ba a ga canji ba, shi ya sa muka rubuto a fili don sauran masu wannan sana'a su ma su karanta. Kukanmu ɗaya ne. Kuna zuba kayan gyara a leda mai rubutun "ya dace da kowace nashshafa", alhali babu wani kaya da ya dace da kowace, kuma a na'urar da ke haɗa wuta da zafi da burbushin auduga, wannan rubutu yana iya cinye gida.

Yawancin abin da ke zuwa hannunmu daga Harajin Sawarikh, kasuwar kayan gwanjo ta Jidda, da gidajen da ake tashi, ƙirar Amurka ce ta shekarun 1970 zuwa 1990: Whirlpool, Maytag, da Kenmore mai lambar da ta fara da 110, wadda Whirlpool ce ta ƙera ta. Ƙarfensu mai kauri ne, ba su da allon kwamfuta, kuma abin da ke lalacewa a cikinsu bai wuce hita, bel, tayoyin ganga, fiyus, tamostat da taima ba. Idan aka samu kaya na gaskiya, na'urar da ta shekara talatin za ta koma aiki. Yaran shagonku kan ce Whirlpool da Maytag ai kamfani ɗaya ne, a ɗauki kowanne. Gaskiya ne Whirlpool ta sayi Maytag a 2006, amma wannan ciniki bai canza cikin na'urar da aka ƙera shekaru da yawa kafin nan ba. Tsohuwar Maytag da ake kira Halo of Heat, hitarta zagayayya ce a gaban ganga, ba ta da wata alaƙa da hita mai akwati ta Whirlpool.

Mu fara da hitar. Ta asali ta Whirlpool mai lamba 279838 wat 5,400 ce a kan bolt 240, kuma idan aka ɗora mata mita tana nuna om 10 zuwa 11. Waɗanda kuke sayarwa da wannan lamba mun auna su, wasu suna nuna kusan om 8. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: om 8 a kan bolt 230 zai ja kusan amfiya 29, ya ba da zafin da ya haura wat 6,600. Bireka mai amfiya 30 ba za ta yanke nan take ba, sai dai wayoyi da bakin taima su yi ta gasuwa har robarsu ta narke. Ga shi kuma wayar hitar ba ta zauna daram a kan tangaran ɗinta ba. Da ta yi ja ta saki, sai ta taɓa jikin akwatin, kuma hitar da ta taɓa jiki tana iya ci gaba da zafi ko da tamostat ya yanke.

Batun ƙarfin wuta ya fi wannan nauyi, kuma nan ne shawarar ma'aikatanku ta fi cutarwa. Nashshafar Amurka wuta biyu take ci a lokaci guda: hita bolt 240, moto da taima kuma bolt 120. A tsohon tsarin Saudiyya na 127 da 220 abin ya zo daidai, a ɗauko layi biyu da waya ta tsakiya, hita ta samu 220, moto ya samu 127. Zafin yakan ragu zuwa kusan wat 4,500, amma na'urar tana aiki lafiya. Tun da gwamnati ta yanke shawara a 2010 cewa ƙasar za ta koma tsarin 230 da 400, sababbin gine-gine ba su da 127 kwata-kwata. Wanda ya haɗa na'urar a sabon gida yadda ya saba haɗawa a tsoho, ya ba hita bolt 400, ya ba moto 230. Hitar za ta nemi ba da wat 15,000, moton kuma zai ƙone kafin a kai hannu ga makunni. Duk da haka a shagonku ana miƙa wa mutum moto mai bolt 120 a ce masa ya je ya jona kawai, ba a tambaye shi wace irin wuta ce a gidan ba.

Hanyar da ta dace ita ce hita ta ci 230 daga layi ɗaya, a sa taransifoma mai rage wuta zuwa 115 ko 120 don moto da taima, kuma ya kasance mai ƙarfin da zai ɗauki fizgar tashin moto, wadda ta ninka cinsa na yau da kullum sau da dama. Sannan a cire ƙaramin ƙarfen da ke haɗa wayar tsakiya da jikin na'ura a tsofaffin ƙira masu waya uku, a ba jikin tasa wayar ƙasa daban. Idan aka manta wannan ƙarfe, jikin nashshafar zai iya ɗaukar lantarki, kuma mai shanya da jiƙaƙƙen hannu ita za ta fara ji.

Akwai kuma bugun wuta. Saudiyya hatz 60 take amfani da shi kamar Amurka, yayin da Masar, Sudan, Daular Larabawa da Najeriya suke kan 50. Kuna shigo da taima da moto na kasuwar hatz 50 kuna cakuɗa su da namu ba tare da wata alama ba. Taimar hatz 50 a wutar Jidda tana gudu da ƙarin kashi 20 cikin ɗari, minti 60 ya ƙare a minti 50, tawul ya fito da danshi. Moto kuma da ya kamata ya juya sau 1,425 a minti zai haura 1,700, kuma fulinsa an yanka shi ne don wancan gudu. Ganga tana bukatar juyi kusan 50 a minti don kaya su hau su faɗo cikin iska mai zafi. Da ta kai 60 sai kayan su manne a bango suna zagaye, na waje ya ƙone, na ciki ya zauna a jiƙe.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne fiyus ɗin zafi. Wannan ɗan farin abu mai lamba 3392519 da ke zaune a jikin gidan fanka yana yankewa ne a digiri 91 na ma'aunin Salsiyas, sau ɗaya tak, ba ya dawowa. Tamostat mai daidaita zafi yana buɗewa a wajen digiri 68, na kariya da ke jikin hita a wajen 121, kuma kowannensu ana buga adadinsa a jikinsa. Naku ba su da adadi ko ɗaya. Ba mu san a digiri nawa za su yanke ba, kuma ba ma jin ku ma kun sani. Mafi muni, idan fiyus ɗin ya ƙare a shagon, akan ce wa mai saye ya haɗe wayoyin biyu kafin a kawo. Ranka ya daɗe, fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. Kusan kullum iska ce ta toshe: ragar tace iska ta cika da burbushi, bututun inci 4 ya lanƙwashe a bayan na'ura, ko tsuntsu ya yi sheƙa a bakin da ke fita waje. Wanda ya haɗe wayoyin ya bar toshiyar a wurinta, ya kuma cire abu na ƙarshe da zai kashe na'urar. Gyaran gaskiya shi ne a zare wuta, a buɗe baya, a share gidan fanka da bututun har waje, a musanya bututun roba da na ƙarfe, sannan a sa sabon fiyus mai adadi a jiki.

Bel da tayoyi ba sai mun ja magana ba. Bel mai lamba 341241 tsawonsa inci 92 da kwata ne, faɗinsa kwatan inci, da tsagi a gefen da ke kwanciya kan ganga. Naku yakan gaza tsawo, ya ja fulin matsi har ƙarshe, ya cinye bushin moto. Tayoyin ganga kuma kuna sayar da ɗaya ɗaya ba tare da 'yan zobban da ke riƙe su ba, alhali biyun ake canzawa tare, in ba haka ba ganga ta karkace ta ci zanen da ke toshe bakinta. A danshin Jidda da iskar teku sandar tayar ma takan yi tsatsa, don haka ya kamata a samu saitin da ke da ita.

Duk wannan da sauƙi da kuna karɓar kaya idan an dawo da shi. Amma a faturarku, wato rasit ɗinku, an rubuta cewa kayan wuta ba a mayarwa da zarar an buɗe leda, ga shi ledar ba ta faɗi bolt ko hatz ko digiri ba, babu yadda mutum zai sani sai ya buɗe ya auna. Mun biya kuɗi har da harajin kashi 15, sannan asarar ta zauna a kanmu da kan mai gidan da ya amince mana.

Abin da muke nema ba mai tsada ba ne. Ku rubuta a kan kowace leda lambar asali, bolt, hatz, wat da om na hita, digirin fiyus da tamostat, da tsawon bel. Ku raba kayan hatz 50 da na 60 a kanta daban. Ku ajiye mita a kan tebur don mai saye ya auna hita kafin ya biya. Ku janye fiyus marasa adadi daga kasuwa, ku hana yaranku ba da shawarar haɗe waya, ku kuma karɓi duk kayan da awonsa ya saɓa wa abin da aka rubuta.

Muna jiran amsarku a rubuce cikin wata ɗaya. Mun ajiye faturori da samfurin kayan tare da awon kowanne, kuma idan wa'adin ya cika shiru, za mu kai su ga Ma'aikatar Kasuwanci ta layinta na 1900, mu kuma nemi SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, ta duba ingancinsu. Mun fi son a gyara tsakaninmu, kuma a shirye muke mu zo ma'ajiyarku da mitocinmu mu taya ku tantance abin da ke kan kanta.

Wassalam.

Masu gyaran tsofaffin nashshafa,
Jidda da Makka