Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka Kan Filin Da Za A Zaunar Da 'Yan Gudun Hijira

Daga dattawa, mata da matasan ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, mazauna garin Anka a yanzu, tare da wasu daga cikin masu masaukinmu.

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka, ta hannun iyayen ƙasa da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da yawan rai. Bayan gaisuwa da ban girma irin na 'ya'ya ga ubansu, muna fara wannan takarda da godiya. Wasunmu sun shigo garin nan tun 2018 da 2019, wasu kuma bayan hare-haren watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da ƙafa muka zo, da goyo, da tsofaffi, babu ko tabarma. Aka bar mu muka fake a ginin sabuwar fada da ba a kammala ba, da kangwaye, da zaurukan bayin Allah waɗanda su ma ba wadata ce ta ishe su ba. Allah ya saka wa Sarki da talakawansa da alheri.

Ranka ya daɗe, yau ba roƙon hatsi ya kawo mu ba, ko da yake muna bukatarsa. Maganar ƙasa muka zo da ita. Zance yana ta yawo a tsakaninmu cewa za a tattara mu a kai mu sabon fili guda. Ba mu ƙi ba, domin inda muke ya yi mana kaɗan, kuma masu gine-ginen suna da haƙƙin su karɓi abinsu. Tsoronmu shi ne a zaɓi fili don kawai babu mai so, a zuba mu a ciki, sannan daga baya a fara tunanin ruwa da masai da hanya. Buhun masara yakan ƙare cikin mako biyu ko uku, amma filin da aka kafa mana bukkoki a kai, shi za mu zauna da shi shekaru. Muna roƙon a tsara wurin kafin a kai mutum ko ɗaya, kuma a tsara shi da mu.

Abu na farko da ya fi damunmu, kuma ba kowane baƙon ma'aikacin agaji zai tuna da shi ba, shi ne gubar dalma. Mu 'yan ƙasar nan ne, mun ga abin da ya faru a 2010, lokacin da niƙan dutsen zinari a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a jihar nan. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega, duk ƙasar Anka ce. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, kuma Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai a 2013. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, ba ta da wari, ido ba ya ganinta. Yaranmu kuwa a ƙasa suke wuni, a kanta suke rarrafe, hannun da suka yi wasa da shi shi suke kaiwa baki. Fili zai iya zama shimfiɗaɗɗe mai kyan gani, alhali shekarun baya an girka injin niƙan dutse a wurin ko an yi wankin zinari a kududdufin gefensa. Akwai na'urar hannu da ake ɗorawa a kan ƙasa ta nuna yawan dalmar nan take, da ita aka yi aiki a ƙauyukan da muka ambata. Muna roƙon Sarki ya sa baki a auna duk filin da aka nuna, a kuma tambayi tsofaffin wurin abin da aka taɓa yi a kansa. Su ne suka fi kowa sani.

Sai ruwan sama. Filin da ya bushe ƙayau a watan Maris shi ne tafki a watan Agusta. A nemi tudu mai ɗan gangare wanda ruwa ke wucewa, a guji bakin fadama da kwari da ƙasar laka. A haƙa magudanai tun kafin a kafa dirka. Mun zauna a inda ruwa ke shiga ɗaki da tsakar dare, uwa ta kwana a tsaye riƙe da jariri, masai ya cika ya tumbatso tsakanin bukkoki, da safe yara su taka shi. Daga nan amai da gudawa ke farawa. A 2017 daga sansanin Muna Garage da ke Maiduguri annobar kwalara ta ɓarke a Borno, a 2021 kuma ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Zamfara na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Masu aikin agaji suna da ma'aunin da suka yarda da shi a duniya, suna kiransa Sphere, kuma 'ya'yanmu masu ilimin boko sun karanta mana shi. Bai nemi abin da ya fi ƙarfin gari kamar Anka ba. Ya ce kowane mutum ya sami aƙalla lita 15 na ruwa a rana, kada wurin ɗiban ruwa ya wuce nisan mita 500 daga ɗaki, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ga mutum 500. Ya ce masai ɗaya ga mutum 20, kada ya yi wa masu amfani da shi nisan fiye da mita 50, kuma ya nisanci rijiya da mita 30. Game da faɗin fili, ya ƙiyasta murabba'in mita 45 ga kowane mutum idan an haɗa da hanyoyi, makaranta, wurin shan magani da ɗan lambu. Ke nan mutum 1,000 suna bukatar hekta huɗu da rabi. Mun kawo wannan lissafi ne don kada a auna fili da ido a ce ya isa. A fara ƙidaya mu gida-gida, a san yawanmu, a kuma bar sarari, domin har yanzu ana tasar ƙauyuka kuma mutane ba su daina shigowa ba.

Gobara ma muna tsoronta. Kara da zana da leda muke gini da su, murhu kuma a bakin ƙofa yake. In hunturu ya kama, tartsatsi ɗaya ya isa. A watan Afrilun 2020 wuta ta tashi a sansanin Ngala da ke Borno, mutum 14 suka rasu, ɗaruruwan bukkoki suka ƙone. Ma'aunin da muka ambata ya ce a bar tazarar mita 2 ko fiye tsakanin ɗaki da ɗaki, a kuma bar fili fanko mai faɗin mita 30 bayan kowane mita 300 na gini. Wannan ba ya cin kuɗi, igiya da turaku kawai yake bukata, amma sai an yi shi a ranar farko. In mutane suka riga suka zauna, ba mai yarda a rushe masa ɗaki don a fitar da hanya.

Matanmu sun ce lallai a rubuta nasu da bakinsu, ga shi kuwa. Suna son bayin mata daban da na maza, da ƙofa mai sakata daga ciki, da fitilar sola a hanyar zuwa. Akwai 'yan mata da ke ƙin cin abinci da yamma don kada dare ya matsa musu su fita. Suna son wurin wanka mai shinge, da ɗaki guda da ungozoma za ta karɓi haihuwa a ciki. Yawancin gidajen nan mata ne ke riƙe da su, mazan an kashe, ko suna hannun masu garkuwa, ko sun tafi neman kuɗi. Da surfe da dakau da wankau a gidajen cikin gari suke ciyar da marayu. In aka kai mu can bayan gari inda sai an hau babur, an yanke musu abin yi, an kuma ajiye mu a bakin dajin da muka gudo daga cikinsa. Filin ya kasance inda ƙafa za ta kai mutum kasuwa da asibiti, kuma cikin inda jami'an tsaro ke kewayawa.

Allah ya taimaki Sarki, ga inda babu mai iya mana sai fada. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa amanar ƙasa ga gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen karkara, amma kowa ya san gona tana da mai ita, kuma iyayen ƙasa da masu gari ne suka san iyakar kowa. Muna roƙon a yi yarjejeniya a rubuce da masu filin: shekara nawa, da wane sharaɗi, me za a ba su a madadin noman da za su rasa. Ba mu son mu ci haƙƙin manomi, mu ma manoma ne, mun san zafin rasa gona. Kuma masu gina rijiyar burtsatse da aji ba su cika sa kuɗinsu a filin da ba shi da takarda ba, don gudun a tashi mutane bayan wata shida. A cikin yarjejeniyar a haɗa da makabarta da wurin ɗaure 'yan dabbobin da suka rage mana.

Duk abin da za a gina, a gina shi yadda mutanen gari za su amfana. 'Yan uwanmu da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019 an zaunar da wasunsu a Garin Kaka, Dan Dadji Makaou da Chadakori, nesa da iyaka, kuma ruwa da asibiti da makarantar da aka samar, baƙo da ɗan gari duk suna amfani da su. Haka muke so a nan. Wanda ya raba tuwonsa da mu shekara da shekaru bai kamata ya tsaya yana kallon famfonmu daga bayan waya ba.

Game da tafiyar da wurin, muna roƙon a zaunar da mutanen kowane ƙauye a shiyya ɗaya tare da mai garinsu da limaminsu, domin su suka san gwauruwa da maraya da makaho a cikinsu. A kafa kwamiti wanda mu za mu zaɓa, rabinsa mata, da wakilin fada da na ƙaramar hukuma a ciki. A yi rajista a fili, a karanta sunaye da ƙarfi kowa ya ji. Mun sha ganin an zo rabo, sunan mai gida biyu a cikin gari ya fito, tsohuwar da ke kwana a ƙasa ba ta cikin takarda. Ba mu ambaci kowa ba, gyara muke nema. A kuma sanya wanda za a kai wa kuka a asirce, mace ga mata.

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka tun 2012, wadda ta ce a riƙa shawara da waɗanda aka raba da gidajensu a kan abin da ya shafe su, kuma su da kansu za su zaɓi komawa gida ko zama inda suke. Babu wanda ya kai mu son komawa. Gonakinmu suna can, kaburburan iyayenmu suna can. Amma kada a rufe inda muke ko a ce mu koma alhali hanya ba ta yi lafiya ba, kuma kada a tashe mu sai an ba mu sanarwa da isasshen lokaci, bayan ruwa da masai sun kammala a sabon wurin.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira zama a fada kafin ruwan farko ya sauka, da shugaban ƙaramar hukuma, da hukumar agajin gaggawa ta jiha, da ƙungiyoyin da ke aiki a garin nan, da masu filaye, da wakilanmu maza da mata, sannan a fita tare a taka filin da ƙafa. Samarinmu a shirye suke su haƙa magudanai da ramukan masai da hannunsu in an ba su diga da shebur.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya.

Mu ne talakawanka: masu gari da limaman ƙauyukan da aka tasa, wakilan mata, wakilan matasa, da dattawan unguwannin da suka ba mu masauki. Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna cikin takardar da muka haɗa da wannan.